Nasiha Ga Matasa Masu Ɗaukar Hoto Da Bidiyo

'Yan'uwana matasa, musamman ku da kuka riƙi ɗaukar hoto da bidiyo sana'a, ina so mu waiwayi tarihin wannan fasaha, domin akwai sakacin da magabata suka yi a cikinta wanda nake ganin mu ma mun kama hanyarsa.

Hoto mafi tsufa da aka ɗauka da kyamara wanda ya iso zamaninmu, wani Bafaranshe mai suna Nicéphore Niépce ne ya ɗauke shi ta tagar gidansa wajen 1826 ko 1827, a kan farantin ƙarfe da ya shafa wa wani nau'in kwalta, kuma sai da farantin ya sha hasken rana na aƙalla awa 8 kafin siffar rufin gidaje ta fito. Bayan wani Bafaranshen kuma, Louis Daguerre, ya bayyana tasa hanyar ɗaukar hoto a 1839, wanda za a ɗauka hoto sai ya zauna cik, har akan tokare masa ƙeya da ƙarfe don kada ya motsa. A ranar 28 ga Disamba, 1895, da 'yan'uwan nan biyu 'yan gidan Lumière suka nuna wa jama'a majigi a birnin Paris, kowane fim bai cika minti ɗaya ba.

Wanda ya ji irin wannan wahala zai zaci an tattala abin da aka samu, amma ba haka aka yi ba. Faifan finafinan farko da sinadarin naitiret ake yin sa, wanda ke ruɓewa idan ya daɗe a ajiye, idan kuma ya kama wuta ko ruwa ba ya kashe shi. A 1937 gobara ta cinye rumbun ajiyar kamfanin finafinai na Fox a jihar New Jersey ta Amurka, aikin shekaru ya zama toka. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne wanda aka lalata da gangan: da finafinai masu magana suka shigo a ƙarshen shekarun 1920, sai kamfanoni suka ga na da marasa magana ba za su sake kawo kuɗi ba, suka zubar da wasu, wasu kuma aka narka su don a tatsi azurfar da ke jikinsu. Binciken da ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna cewa kimanin kashi 70 cikin 100 na dogayen finafinan ƙasar marasa magana sun ɓace gaba ɗaya.

Bidiyo ma bai tsira ba. Da kamfanin Ampex ya fito da na'urar naɗar bidiyo a 1956, zaren naɗin yana da tsada sosai, saboda haka gidajen talabijin suka riƙa goge tsohon shiri su naɗi sabo a kai. Hatta NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta amsa a 2009 cewa asalin faifan da aka naɗi saukar ɗan Adam a kan wata a 1969, da alama an goge shi an sake amfani da shi. Idan hakan ta faru da masu kuɗi da ƙwararru, ina ga mu?

A kaset ɗin VHS, wanda aka ƙirƙira a Japan a 1976, aka naɗi finafinan bidiyo na Hausa na farko a Kano a shekarun 1990, a kansa kuma iyayenmu suka ajiye bukukuwan aure da suna, da hawan sallah, da tafsirin malaman da yawansu sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙan su. Zafi da ƙura da danshin damina suna cin waɗannan kaset-kaset a cikin akwatuna, kuma tun 2016 kamfani na ƙarshe ya daina ƙera na'urar kunna su.

Don Allah ku nemi abin da ya rage a gidajenku tun yana kunnuwa, ku kai a juye shi cikin kwamfuta. Ku zauna da Baba ko Inna ko kaka, ku ɗauko tsofaffin hotuna, ku tambaye su wane ne wannan, a ina aka ɗauka, a wace shekara, ku rubuta a bayan hoton da fensir, domin ranar da mai ba da labarin ya kau, fuskar ta zama ta baƙo. Kada kuma ku watsa hoton dattijo ko na matan gida a intanet sai da izininsu.

Na cikin wayoyinku ma ba su da tabbas. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, WhatsApp da Facebook kuma suna rage ingancin abin da aka tura ta cikinsu. Duk hoton da kuka san zai yi wa 'ya'yanku amfani, ku ajiye shi a wuri biyu daban-daban, mafi muhimmanci kuma ku kai a wanke muku shi a takarda.