Kurtu ba da harbi yake wuni ba

Akwai wata magana da ke yawo, tana kuma ɗan ba ni haushi: wai duk wanda ya shiga makarantar horas da kuratan sojoji ta Zariya, daga ranar farko bindiga ake miƙa masa ya yi ta harbi. Ba laifin masu faɗin haka ba ne, domin da bindiga suke ganin soja a hanya.

Amma ba haka abin yake ba. A makarantar nan, wadda aka kafa a 1924, horon na ɗaukar kusan wata 6, kuma harbi yanki ne kawai. Tun da asuba ake tashi gudu, sai fareti cikin rana, sai aji: karatun taswira, taimakon gaggawa, dokokin soja. Ga shara, ga goge takalmi. Bindigar ma sai kurtu ya iya kwance ta, ya share, ya mayar, kafin a kai shi filin harbi.

Dalili? Ana so ya saba bin umarni tare da 'yan'uwansa. Mutum ɗaya ya makara a layi, sau da yawa duk rukuninsu ke shan tsallen kwaɗo, gobe kuwa su da kansu za su tashe shi.