Unguwa ta sani, likita bai sani ba

Matashin da ya kammala jami'a a Marwa ko a Ngaundere, a arewacin Kamaru, alhali yana ƙoƙarin rabuwa da ƙwayoyin hana barci da ƙara kuzari, yakan fita neman aiki da larurar da ba a yarda a ambata a gida, ko da yake kowa a unguwa ya san da ita. Ina zaune a birnin Liyon na ƙasar Faransa, kuma abin da nake gani a nan ya sa na yi imani cewa mu a Garwa da Marwa da Kuseri muna rufa wannan asiri ne a wurin da bai kamata ba.

Da yawa daga cikin waɗannan yara ba don nishaɗi suka fara ba. Daren jarrabawa ne ya kai su, wani aboki ya miƙo ƙwaya ɗaya domin a kwana ana karatu, daga nan jiki ya saba. Wasu dangin amfetamin suke sha, wasu kuma tiramol, wanda a wurin likitoci maganin ciwo ne dangin ofiyom, amma a titi don ƙarfin aiki ake haɗiyarsa. Wanda ya bar masu ƙara kuzarin yakan shafe makonni, wani lokaci watanni, cikin kasala da yawan barci da baƙin ciki, ya karanta shafi ɗaya sau da yawa bai riƙe komai ba. Har yanzu babu wani magani da aka amince da shi na yaye mutum daga gare su, kamar yadda ake da metadon ga masu shan hiroyin. Abin da ke aiki shi ne zama da masana, da tsarin yini mai ƙa'ida, da lokaci. A daidai wannan hali ne kuma ake so ya zauna konkur, wato jarrabawar shiga aikin gwamnati, wanda ke da iyakar shekaru, ba ya jiran kowa ya murmure.

A Faransa, dokar 31 ga Disamba 1970 ta ba wanda ya kai kansa neman magani damar a kula da shi kyauta ba tare da ya bayyana sunansa ba, kuma cibiyoyin kula da masu shaye-shaye da ake kira CSAPA suna aiki a kan wannan ƙa'ida. Idan ya sami aiki, likitan ma'aikata zai duba shi, amma abin da zai sanar da mai kamfani bai wuce ko zai iya aikin ba, ko kuwa a sassauta masa lokaci. Likita ya san komai, shugaban wurin aiki bai san komai ba.

A wurinmu abin a juye yake. Iyaye sukan ƙi zuwa asibiti don gudun abin kunya, a nemo rubutu, ko a tura yaro ƙauye a ce ya je hutu, alhali mai shayin bakin titi da masu acaɓa sun daɗe da sanin wurin da yake saye. Asusun samar da aiki na ƙasa, FNE, yana nan tun 1990, amma yawancin ayyuka ta bakin kawu ko maƙwabci suke zuwa, kuma ya isa wani ya ce "ai ɗan ƙwaya ne" a mayar da takardunsa na neman aiki ƙasan tebur. Idan aka yi rashin sa'a ya taɓa shiga hannu, dokar Kamaru ta 1997 kan miyagun ƙwayoyi tana hukunta har mai sha, kuma hukuncin na iya fitowa a takardar shaidar kotu da kowane konkur ke nema.

Duk da haka ba zan ce nan Faransa ta fi gida ta kowace fuska ba. Matashi a nan yakan tashi daga aiki ya koma ɗaki shi kaɗai, albashi ya faɗa asusunsa na banki, babu mai tambayarsa inda ya kwana, kuma albashin farko yana daga cikin lokutan da suka fi haɗari ga mai murmurewa. A gida akwai mai tashe shi sallar asuba, akwai tire ɗaya da za a lura idan bai sa hannu ba, akwai uwa da za ta iya riƙe masa kuɗi ko ta zuba masa a adashi har hankalinsa ya zauna. Babu cibiyar da ke ba da wannan a Liyon.

Saboda haka nake ganin aikin farko bai kamata a auna shi da girman digiri ba. Koyarwa a makaranta mai zaman kanta, ko riƙe lissafi a shagon ɗan'uwa, aiki ne na rana mai lokacin shiga da na tashi, kuma ya fi masa gadin dare ko acaɓa ko tuƙin doguwar hanya, inda ƙwayar take yawo a aljihun abokan aiki. Iyaye kuma su kai shi wurin likita tun kafin ya fara. Idan mai ɗaukar aiki ya tambayi abin da ya yi a shekarar da ta wuce babu aiki, ya isa ya amsa da cewa ya yi jinya kuma ya samu sauƙi, sauran bayanin kuwa na likitansa ne.