Fankar lagireto ce ta tsaya, aka ce in je in turo maigida

Har yanzu da nake wannan rubutu zuciyata ba ta huce ba. Ranar Talata da azahar ina cikin cunkoson titin Zariya, rana tana dukan kai, sai na ga allurar zafin inji ta bar tsakiya tana hawa. Duk mai tuƙi a Kano cikin watan Afrilu ya san wannan faɗuwar gaban. Na kashe esi, na samu na gangara gefen titi, na ɗaga bonet. Ruwa yana nan, babu yoyo ko ɗigo, belt lafiya lau. Fankar lagireto ce tsaye cik, inji kuwa ya ɗau zafi rau.

Alamar ba ɓoyayya ba ce. Motar da take lafiya a buɗaɗɗen titi amma ta ɗau zafi da an shiga gosulo, fankarta ake fara tuhuma, domin in ana gudu iskar gaba ce ke sanyaya lagireto, in an tsaya kuwa fanka kaɗai ta rage. Na jira ta huce, na lallaɓa da ita wani gareji da aka ce min akwai mai wayarin da ya san aiki.

Na same shi a kan benci yana shan rake, waya a ɗaya hannun. Na yi sallama, ya amsa ba tare da ya ɗago ba. Na faɗi abin da ke tafe da ni, sai ya yi wa wani yaronsa nuni da haɓa. Yaron ya leƙa cikin bonet, ya ƙwanƙwasa fankar da gindin sukundireba, ya juya ta da yatsa, ya ce, “Oga, fanka ta mutu.” Iyakar binciken ke nan. Ogan ya ce daga inda yake zaune, “A yi mata dairek, ku cire tamostat ɗin ma. In ta ƙi tashi, ta kawo naira 60,000 a ɗauko 'yar Beljiyam a Ƙofar Ruwa.” Dairek shi ne a jona fanka da wuta kai tsaye ta yi ta juyawa ba hutu, tamostat kuwa shi ne abin da ke daidaita zafin ruwan inji.

Na ce, “Malam, don Allah kafin a yanke waya, a duba fis da rile tukuna.”

Sai a lokacin ya ɗago. Ya dube ni daga mayafi har takalmi, ya tofar da tuƙar rake kusa da ƙafata, ya ce, “Hajiya, motar taki ce ko ta maigida?”

Na ce tawa ce.

Ya ce, “To ki je ki turo shi mu yi magana. Harkar wuta ba harkar mata ba ce.”

Yaransa suka kwashe da dariya, har da wanda ke kwance a ƙarƙashin wata mota ya leƙo don ya ga wadda ake yi wa. Na danne zuciyata na ce, “Malam, ba gardama na zo yi ba. Darasin lantarki nake koyarwa a sakandare. Kuna da mita, ko ƙwan gwaji, mu ga ko wuta tana isa fankar?”

Ya yi tsaki mai tsawo. “Mita! Mu nan ido ne mitarmu. Tun ba ki san sitiyari ba nake wannan aikin. Allo daban, gareji daban. In kin iya ga filaya nan, bismilla.” Ya juya wajen yaron ya ce, “Rufe mata bonet, akwai masu jira.” Ina buɗe ƙofa zan shiga, yaron ya biyo ni wai Oga ya ce kuɗin dubawa naira 2,000. Dubawar me? Ƙwanƙwasa roba da gindin sukundireba? Wace waya aka taɓa, wane murfi aka buɗe? Ni da kuɗina, da motata, da tambayar da ta dace, aka mayar da ni abin dariyar yaran gareji saboda na roƙi a nemi ciwo kafin a yi yanka.

Abin da na roƙa ba wani abin a zo a gani ba ne. Hanyar wutar fanka gajeriya ce: daga batir zuwa fis, daga fis zuwa rile, wato makunnin da ke sakin wuta da kansa, daga rile zuwa ɗan injin lantarkin da ke juya fankar, sannan wayar negetif da ke ɗaure a jikin bodi. Sensa tana auna zafin ruwa, in ya kai wajen digiri 95 zuwa 100 kwamfutar motar ta ba rile umarni, rile ya saki wuta, fanka ta tashi. Ruwa ya sauka, ta tsaya. Mai neman matsala da gaske zai fara kunna esi, domin a yawancin motoci fanka tana tashi tare da shi. Zai zare fis ɗin, wanda galibi mai lamba 30 ne ko 40, ya ga ko ya tsinke. Zai musanya rilen fanka da wani irinsa a cikin akwatin, kamar na hon, ya saurara. Zai zare soket ɗin fankar ya duba ko ya narke ko ya yi tsatsa, ya ba ta wuta kai tsaye daga batir na ɗan lokaci don gwaji kawai, ya ga ko za ta juya. In ta juya, fanka ba ta mutu ba, ciwon yana baya. In wuta mai volt 12 tana isa soket, negetif ma lafiya, amma ta ƙi motsi, to a nan ne ake maganar kabon da ya cinye, wato ɗan gawayin da ke kai wuta cikin injin fankar, ko sayen wata. Duk wannan bai kai tsawon shan rake guda ba.

Haka kuwa aka yi da yamma. Wani matashi a unguwarmu ya zo da ƙwan gwaji da 'yar mitarsa, ya bi hanyar ɗaya bayan ɗaya. Fankar da aka ce ta mutu ta tashi da ƙarfinta. Rile ne ya ƙone daga ciki, ƙafarsa ɗaya ta yi baƙi ƙirin, ramin da take shiga ya saki. Ya matse ramin, ya sa wani rilen, muka tsaya har inji ya yi zafi, fanka ta tashi da kanta ta kuma tsaya da kanta.

Wannan dairek ɗin da ya zama maganin kowace cuta a garejinmu, shi ne ya fi ƙona min rai, don ba yau na fara haɗuwa da shi ba. Daidai yake da makunnin ɗaki ya lalace, a haɗe wayoyin a bar ƙwai a kunne dare da rana, a ce an gyara. Fankar da aka yi don ta riƙa hutawa sai ta yi ta juyawa muddin makulli na kunne, kabon ɗinta ya cinye da wuri, ka dawo ka sayi wata a hannun wanda ya jawo maka. Wutar da take ja mai yawa ce, shi ya sa aka yi mata rile da waya mai kauri. Su kuwa sai su jona ta da siririyar waya, su naɗe da salatif, sau da yawa babu ko fis a tsakani. Cire tamostat kuma ya fi muni. Shi ne ke tare ruwa har inji ya kai zafin aikinsa, wajen digiri 82 a motoci da yawa, sannan ya buɗe. In babu shi inji ya daɗe a sanyaye, kwamfuta ta yi ta ƙara masa mai. A tsohuwar motata haka aka cire min shi ba da sanina ba, na yi ta mamakin yadda mai ke saurin ƙarewa a tanki. A wani garejin kuma fis ne ya tsinke, aka ɗaura zaren wayar tagulla a gurbinsa, ba a tambayi abin da ya tsinka shi ba, har sai da warin roba ya cika min mota na tarar wayoyi sun narke sun manne da juna.

Kuma a wane zamani ake yi mana wannan ɓarnar? Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin mai, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 a 2024. Dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta wuce 1,500 a 2024. Kowane rile, kowace sensa, kowace fanka da dala ake shigo da ita. Malamar makaranta da ke lissafin kowace lita kafin ta fita, ita ake cewa ta kawo 60,000 a musanya abin da bai lalace ba, a kuma cire mata abin da ke rage mata shan mai.

Laifin bai tsaya kan mutum ɗaya a kan benci ba. Da yawa daga cikin manyan garejinmu a kan Fijo 504 suka koyi aiki, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, motar da belt ke juya fankarta, babu kwamfuta a cikinta. Motoci sun canja. Tun 1996 kowace ƙaramar mota da aka sayar a Amurka tana da soket ɗin da ake jona na'urar bincike, ta nuna zafin ruwa lamba da lamba, kuma irin waɗannan motocin ne suka cika titunanmu. Wa ya sake horar da masu gyaran? Wace gwamnati ce, ta tarayya ko ta jiha, ta taɓa cewa kafin mutum ya kafa allo ya ce shi mai wayarin ne sai ya nuna ya iya karanta mita? A farkon shekarun 1980 aka kawo tsarin karatu na 6-3-3-4 da alƙawarin kowane yaro zai fita ƙaramar sakandare da sana'ar hannu, aka shigo da injinan koyarwa, da yawansu suka ruɓe a cikin akwatunansu saboda babu wuta babu malami. Ni da nake cikin aji na san yadda ake koyar da lantarki da alli kawai, yaro ya gama bai taɓa riƙe mita ba. Ana karɓar haraji a gareji, ana karɓa a tashar jiragen ruwa, ana karɓa wajen sabunta takardun mota, amma jabun fis da jabun rile suna shigowa buhu-buhu, fis a rubuta masa 30 ya ƙi tsinkewa har waya ta kama da wuta. Ina masu duba ingancin kayan da ake biya albashi da kuɗinmu?

Mu ma masu motocin muna da namu kason. Mutum ya shiga gareji yana cewa a yi sauri yana da ɗaurin aure, a yi dairek kawai, ya ƙi biyan kuɗin bincike amma ya biya na sabuwar fanka da murna. Maza da yawa suna tsaye a wajen ranar Talatar nan, da motocinsu a layi, sun ji abin da aka faɗa min, babu wanda ya ce uffan, kuma na tabbata nasu motocin ma dairek aka yi musu. Sai ranar da hayaƙi ya turnuƙe daga bonet a tsakiyar titi, jama'a su taru da yashi da ruwan leda, motar da aka tara kuɗinta shekara da shekaru ta ƙone ƙurmus, a ce ƙaddara ce a watse, babu mai komawa ya tambayi wanda ya ɗaura waya a gurbin fis.