“Tsohon ɓarawo ne”: me ya sa kotu ba ta son jin wannan maganar?

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar mai shayi a Bauchi Road ko Unguwar Rogo a nan Jos ya san yadda muke yanke hukunci. Da an ce an kama wane, sai wani ya ce, “Ai an taɓa ɗaure shi, hali zanen dutse.” Shi ke nan, an gama shari'a. Doka ba ta yarda da wannan ba, kuma ina ganin tana da gaskiya.

Sashe na 82 na Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011 ya hana a kawo mugun halin wanda ake tuhuma a matsayin shaida a shari'ar laifi, sai fa in halin nasa shi ne abin da ake jayayya a kai, ko kuma shi da bakinsa ya fara kawo shaidar cewa mutumin kirki ne. Ba wai tsohon laifi ba shi da alaƙa da sabon zargi ba ne. Matsalar ita ce nauyin da yake yi a zuciya ya zarce abin da yake tabbatarwa. Satar bara ba ta nuna wanda ya fasa shago a Terminus jiya da dare ba, amma tana iya sa a daina neman sa.

Haka sashe na 234 ya hana a yi wa matar da ta kawo ƙarar fyaɗe tambaya game da tarayyarta da wasu maza, sai da izinin kotu. Wanda ya san yadda kunya ke rufe bakin iyalai a nan Jos ba zai raina wannan sashen ba.

Amurka tana da ƙa'ida ta 403 a cikin ƙa'idodinta na shaida, wadda ta ba alƙali damar ƙin karɓar shaida idan haɗarin tunzura zuciya ya rinjayi amfaninta nesa ba kusa ba. A shari'ar Old Chief ta 1997, wanda ake tuhuma da mallakar bindiga, alhali doka ta hana mai tsohon babban laifi riƙe ta, ya yarda a rubuta cewa an taɓa ɗaure shi, amma masu gabatar da ƙara suka nace sai an faɗi irin laifin. Kotun Ƙoli ta ce barin su da aka yi kuskure ne.

Wasu lauyoyi kan ce can Amurka talakawa ake zaɓowa su yanke hukunci, mu kuwa alƙali ne masani, kuma dole ya ga shaidar kafin ya ƙi ta, to me aka ɓoye masa? Maganar tana da ƙarfi. Sai dai alƙali ɗan Adam ne, a garin nan yake kwana, garin da ya ga rikicin 2001 da na 2008 da na 2010, inda sunan mutum da unguwarsu kan isa a zarge shi. Amfanin dokar shi ne tana tilasta masa ya gina hukuncinsa a rubuce kan abin da aka tabbatar, yadda Kotun Ɗaukaka Ƙara za ta iya bin sawu.

Inda nake da ja shi ne sashe na 14 na Dokar Shaida tamu, wanda ya bar wa alƙali zaɓin karɓar shaidar da aka samo ta haramtacciyar hanya. Ƙofar ta yi faɗi. Alƙalin da ya karɓi abin da aka samo ta binciken gida ba bisa ƙa'ida ba, ya kamata ya bi ma'aunan da sashe na 15 ya jero, ya rubuta dalilinsa a kan kowanne.