Injin jirgin sama da ƙarancin masu iya aikinsa

Jama'a, a Tulus ta Faransa kamfanin Airbus ya sha kammala jirage sabbi fil, har da fenti, sannan a jera su a fili suna jiran injin da za a ɗaura musu. Kuɗi akwai, masu saye suna kan layi. Abin da ya yi ƙaranci shi ne sassan injin da kuma hannun da ya iya aikin.

Ni a ganina kamfanonin ƙera injin su suka jawo wa kansu. A 2020, da korona ta tsayar da tafiye-tafiye, Rolls-Royce ya sanar da rage ma'aikata 9,000, kamfanin GE na Amurka kuma kusan 13,000 a sashensa na jirage. Tsofaffin hannu da dama suka karɓi kuɗin sallama suka yi ritaya. Da kasuwa ta farfaɗo aka ɗebi matasa, amma wa zai tsaya a kansu ya nuna musu?

Ku dubi ɗan fiffiken ƙarfen nan da ke juyawa a wuri mafi zafi cikin injin, wanda bai wuce tafin hannu ba. Da kaki ake fara fitar da siffarsa, a lulluɓe shi da yumɓu na musamman, a narkar da kakin, a zuba narkakken ƙarfe a gurbinsa, a bar shi ya huce sannu a hankali har ya daskare ƙwaya ɗaya tal, babu mahaɗa ko ɗaya. Iskar da ke dukansa ta fi zafin da ke narkar da shi kansa ƙarfen. Wasu ƙananan huji da iska mai ɗan sanyi ke bi su ke kare shi. Wallahi mai duba irin wannan abu ya ce wannan ya yi, wancan a jefar, sai ya shekara da shekaru a gefen ogansa yana kallo, yana taɓawa, ana gyara masa.

A 2023 Pratt & Whitney ya gano gurɓata a garin ƙarfen da ya ƙera wasu sassan injinan jirgin Airbus samfurin A320neo. Sai da aka sauke ɗaruruwan injina don bincike, kowanne yana iya kwashe kwana 250 zuwa 300 a wurin gyara. Asalin matsalar daga garin ƙarfen take, amma wannan dogon jiran har da ƙarancin makanikai a ciki.

Maroko ce ta burge ni. Tun 2011 ta buɗe makarantar koyon sana'o'in jiragen sama a Kasabalanka, kamfanonin da za su ɗauki yaran su ke faɗin abin da za a koya musu. A 2025 Safran, kamfanin ƙera injin jirgi na Faransa, ya sanar da cewa zai riƙa haɗa injin jirgi samfurin LEAP a can.

Mu kuma a Najeriya kwalejin koyon aikin jiragen sama ta Zariya tana nan tun 1964, tana yaye injiniyoyin gyaran jirgi, amma har yau manyan gyare-gyaren jiragenmu yawanci waje ake kai su, a biya da dala. Abin da nake so a yi shi ne duk kwangilar sayen jirgi ko injin da za a sa hannu a kai, a rubuta a ciki cewa za a ɗauki yaran nan su yi shekaru suna aiki a masana'antar mai injin.