Kafin ku tura kuɗi gidan marayu na Nepal, ku binciki rayuwar yaran da ke ciki

'Yan uwana matasa, maza da mata, hotunan yaran gidajen marayu na Nepal suna yawo a Facebook, ana neman gudummawa da sunansu, wasu ƙungiyoyin har gayyatar mutum suke yi ya je aikin sa-kai na mako biyu. Niyyarku mai kyau ce, Allah ya saka da alheri. Amma ku sani, binciken hukumomin kare yara ya nuna kusan takwas cikin goma na yaran waɗannan gidaje suna da uwa ko uba a raye. Galibin gidajen kuma a kwarin Katmandu, babban birnin ƙasar, da Pokhara da Chitwan suke, inda 'yan yawon buɗe ido ke sauka, alhali talauci ya fi tsanani a can cikin duwatsun yamma.

Abin ya yi ƙamari lokacin yaƙin basasa na 1996 zuwa 2006. A gundumomi irin su Humla karatu ya tsaya, iyaye na tsoron 'yan tawaye su kwashe musu 'ya'ya. Sai dillali ya zo da alkawarin makarantar kwana a Katmandu, uba ya sayar da dabba ko ya ci bashi ya biya shi. Da an iso birni, sai a yi wa yaron takardar bogi cewa iyayensa sun rasu, a riƙa nuna shi ga baƙi masu tausayi. Bayan girgizar ƙasar Afrilun 2015, wadda ta kashe kusan mutum 9,000, sai da gwamnati ta dakatar da rajistar sababbin gidaje saboda wannan ciniki.

To, ku dubi yinin yaron. A gidan da ake kulawa, ana tashi da misalin ƙarfe shida, a sha shayi, a yi bitar karatu. Wajen ƙarfe tara a ci dal bat, wato shinkafa da romon wake ɗan ƙanana da ganye ko dankali. Makaranta daga goma ne zuwa huɗu. In an dawo a ɗan taɓa abin marmari, a yi aikin gida, da dare a sake cin dal bat. Asabar ce ranar hutu, ranar wanka da wanki, kuma ita ce ranar nama a gidaje da yawa. Cin abinci iri ɗaya sau biyu a rana ba alamar cutarwa ba ce, haka mutanen ƙasar ke ci. Inda ɓarnar take shi ne a tsinka romon ya zama ruwa, a daina sayen ganye da ƙwai. Ciki ya cika da shinkafa, amma jini ya yi ƙasa, tsayi ya tsaya. Ku nemi a nuna muku littafin awon nauyi da tsayin kowane yaro.

Kwanciya ma abin tambaya ce. Yara biyu ko uku a gado ɗaya, ƙazwa da kwarkwata ba sa barin gidan. Ƙazwa kuwa ba ta warkewa in an shafa wa yaro ɗaya magani an bar sauran. Dole a yi wa kowa rana ɗaya, har masu reno, a wanke zannuwa da ruwan zafi, a shanya katifu. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, gudawa ce ke kwantar da su in ba a tafasa ruwan sha. A Disamba da Janairu sanyin dare a Katmandu kan kusa daskarar da ruwa, ɗakunan kuma ba abin ɗumama su.

Shekarar karatu tana farawa a watan Baisakh na kalandar Nepal, wato tsakiyar Afrilu. Aji 1 zuwa 8 shi ne matakin farko, a aji 10 a zauna jarrabawar sakandare da ake kira SEE, sannan aji 11 da 12. Tsarin mulkin 2015 ya ce ilimi kyauta ne har sakandare, sai dai kayan makaranta da takalmi da littattafan rubutu suna cin kuɗi. Abin da ya fi lalata karatun yaran nan shi ne baƙi. Ana fito da su daga aji su yi rawa, a ɗauke su hoto. Ɗan sa-kai da ba ya jin yaren Nepali ya karɓi darasi, ya fara daga haruffa, ya tafi, wani ya zo ya sake farawa daga haruffan. Yaro ya shaƙu da mutum, bayan mako biyu a rabu, a yi ta maimaitawa har ya daina yarda da kowa. Don Allah kada ku shiga wannan layi. Dokar ƙasar ma ta hana aikin sa-kai da bizar yawon buɗe ido, Ostireliya kuma tun 2018 ta ɗauki safarar yara zuwa gidajen marayu a matsayin nau'in bautar zamani.

Maganar takardu ta fi duka nauyi, ita ce kuma masu ba da kuɗi ba sa tambaya. A Nepal ana karɓar takardar zama ɗan ƙasa a shekara 16, kuma galibi da ta iyaye ake dogara. Wanda aka rubuta iyayensa sun mutu, ko aka canza masa suna, zai fito gidan ba ya iya buɗe asusun banki, ba fasfo, ba aikin gwamnati, gadon gonar ubansa ma ya zama rigima. Ga shi ya manta yaren ƙauyensu, in ya koma ba ya iya hira da kakarsa.

Dokar yara ta 2018 ta ce ajiye yaro a irin wannan gida shi ne mataki na ƙarshe, bayan an rasa dangi da masu riƙo. Saboda haka ku tambayi duk mai neman kuɗinku: gidan yana da rajista? Kowane yaro yana da fayil mai sunan ƙauyensu da takardar haihuwarsa? Yara nawa suka je gida bikin Dashain na bara, wato babban bikin shekara na ƙasar, nawa aka mayar wa danginsu dungurungum? Wanda ya amsa muku da hotuna maimakon lissafi, ku riƙe kuɗinku.

Ku kai kuɗin wurin masu aikin mayar da yara gida. Sukan fara da gano dangi, a haɗa su ta waya, a kai ziyara, ma'aikacin jin daɗin jama'a ya duba ko gidan yana da aminci. In akwai duka ko shaye-shaye, a nemi kawu ko inna. Bayan komawa a ci gaba da biyan kayan makaranta a ƙauyen, a riƙa leƙawa ana duba rajistar aji. Wanda kuma yake Nepal ya ga ana cutar da yaro, lambar agajin yara ta ƙasar ita ce 1098.