Surame: birnin Kanta da aka bari ba mai kula

A Argungu ba sai an koya wa yaro sunan Kanta ba. Gidan tarihin garin sunansa yake ɗauke da shi, haka ma tsohuwar kwalejin garin, kuma maroƙi ba ya gama kirarin Sarkin Kabi bai ambace shi ba. Amma ka tambayi samarinmu wa ya taɓa taka Surame, birnin da Kanta ya gina ya zauna a ciki, sai ka ga ana kallon juna. Wasu ma suna zaton sunan wani gari ne na cikin tatsuniya.

Surame kuwa tana nan, ganuwarta ta dutse ba ta gama faɗuwa ba. Muhammadu Kanta ya kafa ta a farkon ƙarni na 16, bayan ya raka Askiya Muhammadu na Songhai yaƙin Agadas, suka saɓa a kan rabon ganima, ya ɓalle a wajajen 1516, aka turo masa runduna ya kore ta. Daga wannan birni ne Kabi ta zama daular da Borno kanta ta yi karo da ita. Abin da ya bambanta Surame da Kano ko Katsina shi ne ginin. Sauran biranen Hausa da ƙasa aka kewaye su, ita kuwa duwatsu aka jera ɗaya bisa ɗaya aka ɗaure da laka, zagaye bayan zagaye. Tsofaffi na ba da labarin cewa kowace al'umma da ke ƙarƙashin Kanta an yanka mata nata ɓangaren ganuwa, Nufawa da suka makara aka ce su kwaɓa tasu ƙasar da man kaɗe maimakon ruwa. Ko labarin baka ne, yana nuna irin girman aikin a idon waɗanda suka gaje shi. Wajen farkon ƙarni na 18 sarauta ta koma Birnin Kebbi, daga baya jihadi ya ci birnin a 1805, Kabawa suka ƙare a Argungu. Surame ta zama kufai, itatuwa suka tsiro a cikinta, saiwoyinsu na ratsa tsakanin duwatsu suna ture su kaɗan-kaɗan kowace damina.

A ganina babbar matsalar Surame ita ce rashin sanin wanda ke da alhakinta. Da aka ƙirƙiro jihar Kebbi a 1991, iyaka ta bar kufan a ɓangaren jihar Sakkwato, wajen Binji. Masu tarihin suna Argungu, ƙasar na hannun Sakkwato, doka kuma na hannun hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa da ke Abuja, tunda tun 1964 aka ayyana wurin a matsayin abin tarihi na ƙasa. Ta zama marainiya mai iyaye uku, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara. A 2007 Najeriya ta sa Surame cikin jerin wuraren da take fatan UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya. Har yau tana cikin jerin jira. Wurare biyu kacal ƙasar nan ke da su a babban jerin, Sukur a Adamawa da kurmin Osun a Osogbo, kuma babu ɗayansu da ya shiga sai da aka auna shi, aka zana taswirarsa, aka rubuta tsarin kula da shi.

Ba za mu ce ba mu iya ba. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, ya shiga jerin al'adun UNESCO a 2016. Duk wanda ya tsaya bakin kogin Matan Fada ya ga dubban masunta sun afka ruwa lokaci guda, kowa da homa a hannu da gora a ƙirji, ya san Kabawa sun iya nuna wa duniya abinsu. Ina son wannan biki har zuciyata. Sai dai kwanaki kaɗan ne ake yinsa, baƙi su watse, kuma kaso kaɗan na abin da ake kashe masa zai isa a kafa alamomin iyaka a Surame, a ɗauki masu gadi daga ƙauyukan da ke kewaye, a sare itatuwan da ke cin ganuwa.

Na san abin da za a ce: yankin ba lafiya. Gaskiya ne, 'yan bindigar nan da ake kira Lakurawa sun addabi wannan kusurwa, kuma mutanen Mera a Augie ba su manta da harin 2024 ba. Babu mai hankalin da zai ce a cika mota da 'yan makaranta a shiga da su daji yanzu. Amma sakacin ya girmi Lakurawa da shekaru masu yawa, kuma rabin aikin ba ya bukatar a je can. Tsofaffin da suka san sunayen ƙofofi da labarin kowace kusurwa suna raye a Argungu, Augie da Silame, kuma kowace shekara ana rasa wasu. A naɗi muryoyinsu tun yanzu. Gidan tarihi na Kanta, wanda shi ne fadar sarki har 1942 kafin a mayar da shi gidan tarihi a 1958, ya dace a ware masa ɗaki guda na Surame, da taswira da hotuna da waɗannan muryoyi.

Masu cewa kufan mutanen da ba abin kulawa ba ne, su tuna Alƙur'ani ya umurce mu mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabace mu ya kasance. Ba a duba abin da aka bari ya shafe.

Wanda ya fi cancanta ya kira taron farko shi ne Mai Martaba Sarkin Kabin Argungu, Alhaji Sama'ila Muhammadu Mera, domin sarautar da yake riƙe da ita daga can ta taso. Fadar Sarkin Musulmi ba za ta ƙi amsa kiransa ba, kuma idan fadojin biyu suka haɗa baki, gwamnonin Kebbi da Sakkwato za su ji nauyin sanya Surame a kasafin kuɗin baɗi, masana tarihi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo kuma su kama aikin awo da rubutun da UNESCO ke jira tun 2007.